Damisar Mahauci

Shekara tara ina sayar da attaruhu kusa da teburin Zaharaddin mahauci a kasuwar Garwa, ban taɓa ganin ya zubar da ciniki ba sai ranar da aka yi shelar gasar waƙa a rediyo. An ce kowa ya tsara waƙa a kan damisa ko danginta, a rera a gaban jama'a ran Asabar. Mutumin nan ya cilla wuƙa a kan katako, ya bar wata mata riƙe da kwano.

"Léontine, zan shiga!"

"Da me? Da gatarin sara ƙashi?"

Na san abin da ke cinsa. 'Yarsa Nazira tana karatun adabi a Maruwa, ta zo hutu, kuma rannan da ta biyo da ƙawayenta ta gaishe shi daga nesa, ta ƙi ƙarasowa saboda ƙarnin nama. Ya yi dariya a lokacin, amma ni na ga idonsa. So yake yarinyar nan ta tsaya kusa da shi a cikin mutane, ko da sau ɗaya.

Matsalar ita ce bai taɓa ganin damisa ba. Ni na gani, ina ƙarama a kan dutse wajen Mora, ta ɗauke mana akuya. Kwana huɗu ya hana ni sakat da tambaya: faɗin ƙirjinta, kaurin cinyarta, ko tana da kitse. Ni kuma sakarya ina ta ba shi amsa, ban tambayi dalili ba.

Ran Asabar zauren gasar ya cika maƙil. Ɗalibai suka yi ta zuba waƙoƙin damisa mai idon wuta da zaki sarkin dawa, wasu da Faransanci, wasu da Fulatanci. Nazira na can layin gaba da ƙawayenta. Aka kira Zaharaddin, ya hau da sabuwar riga da takarda a hannu, ya gyara murya.

"Damisa, cinyarki kilo goma sha biyu,
Tsoka zalla, ba kitse, ba jijiya,
Haƙarƙarinki ya isa gashin mutum shida..."

Wayyo ni! Feɗe ta yake yi, gaɓa-gaɓa, yadda yake wa saniya. Zaure ya ɓarke da dariya, wani alƙalin gasa har da share hawaye. Nazira ta rufe fuska da mayafi. Na ji kamar in nutse, don rabin laifin nawa ne.

Ya tsaya, ya ninke takardar, ya sa a aljihu.

"Jama'a, gaskiya ban san damisa ba. Amma na san ƙanwarta, kyanwar da ke ƙarƙashin teburina. Ga amshi, ku karɓa mini."

Ya rera da ka, yadda take jira tun safe cikin jini da ƙuda, yadda ake korarta da takalmi ta dawo, yadda in ta samu tsoka ba ta haɗiyewa, sai ta ɗauka a baki ta kai wa 'ya'yanta bayan rumfa. Sannan ya jefo amshin:

"Ƙarni a jikinta, ƙoshi a ɗakinta."

Ba wanda ya karɓa. Waƙar da ba a karɓi amshinta ba ta mutu ke nan, kowa ya sani. Ya sake jefowa. Na buɗe baki zan karɓa, sai na ga Nazira ta miƙe.

"Ƙarni a jikinta, ƙoshi a ɗakinta!"

Ita kaɗai, da ƙarfi, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai mahauta da ke baya suka ɗauka, sai ɗalibai, sai zauren duka, ana tafi ana buga benci. Ni kam guɗa na rangaɗa har ɗankwalina ya faɗi.

Bai ci gasar ba, wani yaro mai waƙar zaki ya ci. Amma ran Litinin da safe na tarar da Nazira zaune a kan bencinsa da littafi a cinya, tana cewa, "Baba, maimaita baiti na biyu, a hankali." Shi kuwa yana ta sara yana rerawa, ga mutane a layi suna jiran nama.