Askar Tiyo Ambo

Ranar Asabar, jajibirin bikin Ista, Luningning tana shanya wanki sai ta hangi yara bakwai suna haurowa daga kogi. Kowanne yana sanye da siket ɗin uwarsa, ya ɗage gaban da yatsa biyu, yana tafiya kamar agwagwa. Ranar kaciya ce a unguwarsu, Sapang Dulo. A bayansu ga Tiyo Ambo, ƙanin babarta, yana fito, aska a aljihu, kwalbar giyar kwakwa a hammata.

Tun ba a haife ta ba shi ke wannan aiki. Yaro zai tauna ganyen gwaiba, Tiyo ya ɗora aska ya buga da itace sau ɗaya, yaron ya tofa ganyen a kan ciwon, ya faɗa ruwa yana kiran sunan uwarsa. Shi ke nan, ya zama namiji.

Dariya take yi har idonta ya sauka kan ɗaya daga cikin yaran, Dindo. Nan ta saki rigar da ke hannunta.

Ita ce ungozoma a ƙaramin asibitin unguwar. Daga ita sai likitar gari sai kakar yaron, Aling Sabel, suka san da ƙwayar HIV aka haife shi. Ta kuma san tun Kirsimeti ya ƙi shan maganinsa, don wani ɗan ajinsu ya ga kwalbar a jakarsa ya tambaye shi ta mece ce.

"Tiyo," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa kamar kullum, "aska nawa ka tafi da su?"

"Nawa kuwa? Kin ga ina da hannu bakwai ne? Ɗaya ce, ta kakana. Ita ta yi wa ubanki, kuma ga ki nan, ai kin ga ba ta yi ɓarna ba."

"Kana wankewa tsakani?"

Ya ɗaga kwalbar. "Kurɓi ɗaya nawa, fesa ɗaya nata."

Luningning mace ce da ko kifi aka ba ta ruɓaɓɓe a kasuwa sai ta yi godiya ta tafi. Amma ta san abu biyu. Akwai maganin da ke tare ƙwayar idan an fara shi cikin kwana uku. Kuma aikinta ya wajabta mata ta kai rahoto ga ofishin lafiya da sashen mata da yara na 'yan sanda. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne yadda za ta yi hakan ba tare da sunan Dindo ya shiga bakin mutanen da ke sanin mace na da ciki kafin mijinta ya sani ba.

Ta sami Kapitan Berting, mai unguwa, a rumfarsa yana shafa zakaran da yake kai wa gasar faɗa.

"Rahoto?" ya ce. "A kan Ambo? Ning, shi ya yi mini tawa! Kina so 'yan sanda su ce in kawo shaida?"

"Kap, aska ɗaya ce, yara bakwai."

"Da giya yake wanke ta. Giyar nan ta kashe hantar babana, ƙwayar cuta ce za ta gagare ta?" Sai ya kanne ido, ya matso. "Ko dai kin san wani abu? Ɗan wa ne? Faɗa mini, ni kabari ne."

Matarsa ta riga ta leƙo ta taga, kunne a buɗe.

"Ban san jinin kowa ba," in ji Luningning, tana kallon zakaran. "Tiyo ma bai sani ba. Matsalar ke nan."

Ta koma asibiti ta kulle ƙofa, ta kira likitar gari, Dakta Villaflor, ta faɗa mata komai, har sunan. Sannan ta kira 'yan sanda ta faɗa musu komai, ban da sunan.

"Na nawa ne shi a layi?" in ji likitar. "Waɗanda suka biyo bayansa ne ke cikin haɗari."

Luningning ta rufe ido. In aka ɗauki na bayansa kaɗai, ko zakaran Kapitan zai iya lissafin wanda aka fara daga kansa.

"Zan kawo su duka, Dakta. Ki tambaye su da kanki."

Da azahar motar hayar da ta nemo don kai yaran asibitin gari ta tsaya a gaban coci. Iyaye mata suna faɗa, iyaye maza suna cewa a zamaninsu ko tari ba a yi. Yara bakwai suka hau a hankali, babu mai yarda gwiwar wani ta taɓa shi. Aling Sabel ta kama hannun Luningning a bayan mota.

"'Yar nan, in suka ji, ko ruwa ba za su ƙara saya a shagona ba. Ban san ya je kogin ba. Cewa ya yi ya gaji da ana kiransa mai loɓa."

"Ki hau ki yi masifa kamar kowa, Aling Sabel."

Ta kuwa hau ta yi, har ta fi kowa.

A asibitin gari Dakta Villaflor ta jera su, ta ce, "To, jarumai. Wa aka fara yi wa?"

Hannu bakwai suka tashi.

"Ƙarya kake, ni ne! Kai ai sai da aka kamo ka a gonar ayaba!"

"Kai da ka suma fa?"

"Ban suma ba, addu'a nake!"

Aka juya ga Tiyo Ambo, wanda wata 'yar sanda mai suna Sajan Magsino ta zaunar a benci. Ya ce shi fuska ba ita yake kallo ba in yana aiki, kuma daga na biyu kwalbar ta yi rabi.

Likitar ta dubi Luningning ta saman gilashinta, ta ɗan jima. "Tun da ba wanda ya san layin," ta ce, "kowa za a ɗebi jininsa, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki a rufe. Kowa zai sha magani wata guda. Sakamakon kowa kuma nasa ne da na gidansu."

Sajan Magsino ta buɗe leda ta ce a sa askar.

"Ta kakana ce, ranki ya daɗe."

"To kakanka ya zo ya karɓa."

Tiyo ya saka ta kamar mai binne ɗa. Ya juya ga Luningning. "Ni na goya ki ranar da ambaliya ta ci gidanku."

"Na sani, Tiyo."

"Yanzu za su ce in je kotu."

"Zan raka ka."

Ya kawar da kai, bai ƙara yi mata magana ba har suka isa gida, kuma a ranar Ista kujerarsa a teburin babarta babu kowa a kai.

Ta tsara cewa kullum da safe su bakwai su zo asibitin unguwa su sha maganin a gabanta, don ta san halin iyayensu. Ranar Litinin suka jeru a benci da siket ɗinsu, kowa da kwalbarsa fara, iri ɗaya. Ɗan Kapitan, wanda shi ma yana cikinsu, ya sa ƙwayar a baki, ya shaƙe, ya fesar da ruwa ta hanci.

Dindo ya juya kwalbarsa a hannu. Ya dubi na kusa da shi, ya dubi Luningning. Ita kuwa ta duƙufa tana gyara audugar da ba ta bukatar gyara.

Ya jefa ƙwayar a baki ya haɗiye, ko ruwa bai nema ba.

"Kai!" in ji ɗan Kapitan yana goge hawaye. "Ya aka yi ka iya?"

"Ai na faɗa muku ni aka fara yi wa," in ji Dindo. "Miƙo taka in nuna maka, ragon banza."