Ledar Dalhatu

Karo na bakwai ke nan Dalhatu ya danna maɓallin. Fanka ta juya, 'yar fitila shuɗiya ta kama, rubutu ya fito a fuskar kwamfutar kamar abin arziki. Bai gama cewa alhamdu lillahi ba ta ɗauke ɗif. Ya bi ta da kallo, sukudireba a hannu, zufa tana bin bayan wuyansa, ga shi ko hantsi bai gama yi ba.

Sati uku ya yi yana haɗa ta da hannunsa, da kayan da ya yi odarsu ɗaya-ɗaya daga Kano, yana kallon yadda ake yi a waya. Ba don sha'awa ba ce kawai. Shekara goma sha bakwai yana ɗakin fayil a ofishinsu na Kurfi, shi da ƙura da gara. Da aka ce za a buɗe ɗakin kwamfuta ana neman mai kula da shi, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai shi har haɗa ta ya iya. Shugaban sashensu, Alhaji Mutawakkil, mutum ne da ba ya sayen magana sai ya gani da ido. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar zai biyo ta gidan, in ya ga tana aiki, ɗakin na Dalhatu ne. Yau ce Asabar ɗin.

Matarsa Rabi'atu ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Baban Lubna, ta tashi?"

"Tana hanya."

"Tun jiya take hanya. Daga Legas ta taho?"

Ya zare ɗan siririn katin ram daga cikinta ya hura ya mayar. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana danna su har yatsansa ya yi ja. Ya zagi masu wuta, ya tayar da janareto, ya sauya soket. Ta kama, ta yi kamar za ta buɗe, ta sake mutuwa, wannan karon ma da sauri fiye da na baya. Tsoro ya fara shigarsa sosai, don ya riga ya hango kansa ranar Litinin yana komawa cikin fayil, masinjoji suna gaishe shi da Injiniya.

"Ranar da kake ɗaura fankar nan," in ji Rabi'atu, "ban ce maka na ga wata leda da jan rubutu a gindinta ba?"

"Rabi, don Allah. Wannan aikin ilmi ne."

Ta ce to, ta ci gaba da shara. Ta san mijinta. Duk Kurfi an san Dalhatu ba ya cire ledar sabon abu. Rimot ɗin talabijin yana cikin ledarsa shekara shida, har an naɗe shi da salatif inda ta yage. Agogon bango da ledarsa, kujerun falo in baƙo ya zauna sai sun yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Kujerar mashin ɗinsa kuwa shekara uku ke nan tana sanye da ledar kamfani. A ganinsa masu rubuta a cire kafin a yi amfani 'yan kasuwa ne kawai, so suke kayanka su tsufa ka koma ka sayi wasu.

"Ka kai wa Kamilu mana," ta ce daga tsakar gida.

Nan ne gizo yake saƙa a zuciyarsa tun jiya, kuma nan ne ba ya son zuwa. Kamilu yana gyaran waya da kwamfuta a Dutsin-Ma, hannunsa yana da kyau, amma taubashinsa ne, ɗan ƙanen mahaifiyarsa. Tun suna yara bai taɓa yin tuntuɓe a gaban Kamilu ba labarin ya kwana bai zaga dangi ba. Ya duba agogo ta cikin ledarsa, ya ga sha ɗaya ta wuce. Ya tashi ya naɗe kwamfutar da bargo, ya ɗaure ta a bayan mashin da roba.

Rana ta dake shi tun daga Kurfi har Dutsin-Ma. Duk ramin da ya faɗa sai ya kai hannu baya ya shafa bargon, kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Ya tarar da Kamilu a shagonsa kusa da bakin kasuwa, yana cin soyayyen kifin dam ɗin Zobe a takarda, ɗaliban jami'a biyu suna jiran wayoyinsu a benci.

"A'a, Injiniya da kansa," in ji Kamilu. "Mi aka naɗo haka? Ko an yi haihuwa ba a gaya muna ba?"

"Wucewa nake, na ce bari in nuna maka aikina."

"Da bargo, cikin wagga rana. Sannu da wucewa."

Dalhatu ya jira ɗaliban suka tafi, sannan ya rage murya ya faɗi gaskiya, har da zancen Alhaji Mutawakkil da la'asar. Kamilu ya goge hannu, ya jona ta, ya danna. Ta kama, ta jima kaɗan, ta mutu. Ya sake dannawa, ta mutu nan take.

"Kullum haka take? Ta farko ta ɗan daɗe, ta biyu ta fi sauri?"

"Haka."

"Zafi ne. Ƙwaƙwalwarta ke ɗaukar zafi, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ta fi mai ita dabara." Ya buɗe murfin ya leƙa. "Kai, amma ka yi ƙoƙari. Wayoyin duk suna inda ya kamata. Ban so in faɗa ba."

Daɗi ya kama Dalhatu, amma bai daɗe ba. Kamilu ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗago fankar tare da ƙarfen da ke zuƙe zafi daga ƙwaƙwalwar, ya juya gindinsa sama. Ga ta nan lafiya lau, 'yar leda mai faɗin akwatin ashana, ta yi dame-dame da man rage zafin da Dalhatu ya shafa, jan rubutunta yana nan raɗau.

Kamilu bai yi dariya nan da nan ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya kama gefen ledar da farce, ya ɓare ta a hankali, ya ɗaga ta saitin haske.

"Dalhatu, mantawa ka yi?"

Da ya ce mantawa ya yi, da an wuce wurin, don ko gwanaye suna mantawa. Amma Dalhatu bai iya ƙarya a kan aƙidarsa ba.

"Na ga ƙarfen yana ƙyalli ne. Na ce kada ya ƙarje."

Sai a lokacin Kamilu ya zame daga kan kujera ya riƙe ciki. Mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya, Kamilu ya ɗaga masa hannu, ya kasa magana. Da ya dawo hayyacinsa ya goge ƙarfen, ya sa sabon mai, ya mayar ya ɗaure. Ya danna. Kwamfuta ta buɗe tar, ta zauna daram, fanka tana juyawa a hankali kamar ba ita ta hana mutum barci ba.

"Don girman Allah, Kamilu, maganar nan ta tsaya a shagon nan."

"Za ta tsaya. Amma da sharaɗi." Ya nuna ƙofa da baki. "Ledar mashin. Yanzu, da hannunka."

Dalhatu ya roƙa, ya haɗa shi da zumunci, ya tuna masa ranar da ya rufa masa asiri a gaban Kawu, mahaifin Kamilu. Kamilu ya ciro waya ya fara neman zauren hirar dangi a cikinta, yana karanto sunayen da ke ciki da ƙarfi. Dalhatu ya fita. Ya tsaya a kan mashin ɗin kamar mai bankwana, ya sa yatsa ya ja. Ledar ta riga ta mutu da rana, ta dinga ɓarewa guntu-guntu. Kujerar ta fito baƙa wul, sabuwa fil, kuma abin ya ba shi tausayi har cikin ransa. 'Yar ledar fankar kuwa Kamilu ya ninke ta ya sa a bayan wayarsa, ya ce ajiya ce saboda gaba.

Ya iso Kurfi ana kiran la'asar, kujerar tana ƙona shi duk hanya. Rabi'atu ta dubi mashin ɗin, ta dubi mijinta. Ta dai shige kicin da sauri fiye da yadda aikin yake bukata.

Alhaji Mutawakkil ya zo a kan lokaci. Ya zauna, kujera ta yi ƙararta, ya gyaɗa kai alamar gamsuwa. Dalhatu ya yi bisimilla ya danna. Ta buɗe. Alhaji ya sa aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, aka goge, aka sake rubutawa. Ya sa aka kashe aka kunna sau biyu. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya ji sanyi.

"Ba ta ba ka wahala ba?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba, ranka shi daɗe."

"To, ɗaki naka ne. Kuma tunda ka iya, ba za mu sayi haɗaɗɗu ba. Kayan guda goma za a kawo, ka haɗa muna." Ya ɗauki rimot ɗin talabijin yana juya shi cikin sha'awa. "In gaya maka gaskiya, ba ilmin ne ya fara ja na ba. Masu ilmi suna da yawa. Riƙon kaya nake nema. Shekara uku ina kallon kujerar mashin ɗinka ta taga. Yau dai na ga babu ledar."

"Ta tsufa ne, ranka shi daɗe."

"Allah ya ba da wata. Sharaɗina ɗaya ne. Kayan nan in sun zo, kada a cire leda ko ɗaya, ciki da waje. Duk wanda ya zo daga Katsina ya gan su kamar yau aka sauke su."

Daga bayan labule aka ji wani sauti kamar an shaƙe da ruwa, sai kuma tari. Dalhatu ya buɗe baki. Ya tuna gara da ƙura da shekara goma sha bakwai.

"In sha Allahu, ranka shi daɗe."

Da ya raka Alhaji mota ya dawo, ya tarar da Rabi'atu ta ajiye wankakken gwangwanin madara mai murfi a gefen kwamfutar.

"Na mene ne wannan?"

"Guda goma ne, Baban Lubna. Ka riƙa tara su a nan, kada su faɗa hannun Kamilu." Ta miƙo masa rimot ɗin, idonta ya yi ja don dariya. "Ko za ka fara gwaji da wannan, hannunka ya saba?"

Dalhatu ya karɓa. Ya daɗe yana kallon inda salatif ya fara ɗagowa. Sannan ya sa babban yatsa ya danne shi da kyau, ya mayar da rimot ɗin kan talabijin.

"Wannan ba ya zafi," ya ce. Ya ɗauki gwangwanin ya sa a jakar ofis.