Sarkina Ba Ya Jin Barci

Daren jiya wani mafarki na yi. Wai ga ni a gasar ces ta mata, darar nan ta Turawa, a wani gari da ruwan sama ke tasowa daga ƙasa, kowa ya kife lemarsa yana tafiya a kanta. Alƙalin wasa bunsuru ne mai tabarau. Ya ce in na yi canjaras zan shiga motar masu zuwa wasan ƙarshe, in aka cinye ni kuma a bar ni a nan ina goge alluna.

Wadda aka haɗa ni da ita Hajiya Dakta Kubra ce. Mutum biyu ke riƙe mata mayafi.

"A ina kika yi karatun ces, yarinya?"

"A waya, Hajiya. Gilashin ma a fashe."

Ta ce Allah ya kyauta.

Sai ga mu wasa ya yi nisa. Dokina ya ce ƙafarsa na ciwo, ya tafi gida. Sarauniyata ta wuce biki. Saura sarkina shi kaɗai a lungu yana ɓare gyaɗa.

Bunsurun ya matso kunnena. "Mu a nan, in babba ta fi ki, kwantar da sarki ake yi a miƙa hannu. Ladabi ke nan."

Na ce, "Ba ya jin barci."

Ashe ita Hajiya tunda ta zama Dakta ba ta taɓa ƙarasa wasa ba, kullum tun kafin nan ake kwantar mata da sarki. Ta tura soja ƙarshen allo, ya zama sarauniya. Ta ƙara wani. Sarauniyoyin suka tsaya gaisawa, ina gajiya, ya yara.

"Yarinya, ba kya ganin yawansu?"

"Ina gani, Hajiya. Turo."

Ta ɗauko sabuwar ta dasa kusa da sarkina, wai ko zai ji kunya. Na duba. Ba wadda ta kai masa hari, kuma duk inda zai taka akwai mai jiransa. Ba shi da motsi, ni ma ban motsa ba. A dokar ces kuwa, in an kai haka ba wanda ya ci wani.

Bunsurun ya cire tabarau ya ɗan tauna. "Canjaras."

"Da ni?" in ji Hajiya.

"Da ke, ranki ya daɗe."

Mota ta iso da baya. Hajiya ta ce kujerar gaba tata ce. Na ce ta ɗauka, ai tasha ɗaya za a sauke mu. Na zauna kan buhun albasa, direba ya murza makulli, mota ta hau gurnani.

Na buɗe ido, ashe maƙwabciyarmu Maman Iro ce ta tayar da injin markaɗe.