Buhunan Yashin Babagana

Tun da aka zaɓi Abdulrahim kansila a mazaɓarsu ta cikin Azare, sunan Babagana ya ɓace. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sayar da taki da maganin feshi a bakin kasuwa, rana ɗaya ya koma "yayan Kansila". Har mai shayi haka yake kiransa, da fara'arsa kuwa, shi a ganinsa girmamawa ce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cin ran Babagana yana gidan mahaifiyarsu, Hajiya Kellu, wanda ke manne da nasa ta gangare. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yabe shi a gaban mutane. Shi ke kai mata koko da safe, shi ke ɗiga mata magani tun da idonta ya yi rauni. Iyakarta ta ce, "An gode." Amma bari baƙuwa ta shigo ka sha labari. Abdulrahim ya gyara famfon unguwa, Abdulrahim ya raba rigimar mahauta, Abdulrahim ya kai matar wane asibiti a motarsa, Allah ya yi wa Abdulrahim albarka. Babagana na tsugune da kwalbar magani a hannu, kishi kamar ya shaƙe shi. Gemunsa duk furfura, amma albarkar nan yake so, ko da sau ɗaya ne.

Da damina ta kankama, Kansila ya kira gayyar yashe kwata. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓo da kansa, sannan ya bi gida-gida yana roƙon a kwashe buhunan yashin da ake jerawa a ƙofa, domin duk wanda ya tare ruwa, kan maƙwabcinsa yake juya shi.

"Yaya, naka ma a taimaka a janye," ya ce, yana ɗan rusunawa. "Layin nan gangare ne."

"Ranka ya daɗe, ƙofar gidan nawa ma a ƙarƙashin ofishinka take?"

"Haba Yaya."

"Je ka, jama'arka na jiranka."

Kafin magariba Babagana ya ƙara jeri guda a kan buhunan, ya ja su har tsakiyar layi. Ba wai ruwan yake tsoro ba. So yake a ga akwai ƙofar da maganar Kansila ba ta aiki.

Ranar Juma'a bayan la'asar sama ta ɓalle. Kansila yana can ƙarshen mazaɓa, inda katanga ta faɗa wa wasu. Babagana ya leƙo zaure don ya ga aikin buhunansa. Sun yi aiki kuwa, ƙofarsa ko ɗigo. Ruwan layin gaba ɗaya ya daki buhunan, ya karkata, ya miƙe cikin gidan Hajiya.

Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya tarar da ruwa har gwiwa a ɗakinta, buta da dardumar salla suna yawo, ita kuma ta takure a kan gado tana salati. Ya juya ya goya ta. Rashin nauyinta ya ba shi tsoro.

Suna fitowa layi ta ƙanƙame wuyansa, ruwa na dukansu.

"Na san za ka zo," ta ce a kunnensa. "Ka baro mutane ka zo. Abdulrahim, Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka daga sharrin mai hassada, na nesa da na kusa."

Babagana ya buɗe baki zai ce shi ne. A daidai nan ƙafarsa ta yi karo da buhun farko, ya tsaya ya dafa bango don kada su faɗi. In ya faɗi sunansa, gobe sai ta tambayi ta inda ruwan ya biyo.

"Ba ka ce amin ba," in ji Hajiya.

Ya ƙanƙantar da murya yadda ba za ta gane shi ba.

"Amin, Hajiya."