Mujiya a Kan Aduwar Zulai

Kwana uku ke nan mujiya na yini a kan aduwar tsakar gidan Zulai a Yargalma, kwana uku kuma jikarta Fiddausi na kwance tana suma tana farfaɗowa. Mutanen unguwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce tsuntsuwar ce ta kama yarinya.

Aduwar nan Zulai ce ta dasa ta, ta raine ta da ruwan alwala har ta daina neman ruwan kowa. Kurciyoyi sun yi sheƙa a cikinta, ƙudan zuma na zuwa, awaki na tsintar 'ya'yanta. Ko reshe aka karya, sai ta yini tana mita.

Da hantsi ɗanta Lukman, uban yarinyar, ya shigo da gatari, maƙwabta biyu na bin sa.

"Inna, kauce. Yau iccen ga sai shi faɗi."

Zulai ta jingina bayanta da gindin bishiyar. "Mi yay yi maka? Ɓeran rumbu mujiya ka ci, ba ɗiyan mutane ba."

"In ɗiyata ta mutu fa? Ke ad da alhaki!"

Maganar ta soke ta. Ta san abin da ke cin yarinyar, ta kuma yi shiru wata biyu don rufa wa ɗanta asiri. Tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yaran garin aka hana daka dutsen zinariya a cikin gida, amma Lukman yana dakawa a ɓoye a bayan ɗaki, Fiddausi na wasa cikin ƙurar.

"Jibo, Sharu," ta ce wa maƙwabtan, "ku tai bayan ɗaki ku duba turmi."

Suka je, suka dawo, babu wanda ya iya kallon Lukman. Shi kuwa kunya ta koma masa fushi, ya ɗaga gatari ya kafta wa aduwar, ɗan taƙi kaɗan da kafaɗar uwarsa. Kurciyoyi suka watse.

Zulai ta dubi ɗanta, ta dubi ƙofar ɗakin da yarinyar ke nishi. Tsayuwa biyu ba ta yiwuwa. Ta shiga ta goya Fiddausi, ta ce wa Jibo ya tada babur su nufi asibitin Anka.

Tana zaure ta ji sara na biyu, ta ji na uku. Hawaye na zuba, amma ba ta waiwaya ba.