Boris Ba Ya Shan Ruwa

Zulai'atu ta dafa kan sukudireba a jikin injin, ta kara ƙotar a kunne. Kukan da ta ji bai yi mata daɗi ba, kamar ana niƙan tsakuwa. Injin nan da ke dama tsoffin takardu ya fitar da kwalin ƙwai, shi kaɗai mahaifinta ya bar mata a Yelwa. Ta kashe shi.

Bappa Jibrin, ƙanin mahaifin nata, ya taso da bokiti a hannu. Tsohon direban jirgin ruwa ne, a wurinsa duk ƙarfen da ya yi zafi ƙishirwa yake ji.

"Mi kika yi haka, ɗiyar ga? Ga Ishaya direba can da mota yana jiran kwalayen da zai kai garin Wara. Zafi ne kawai, bari in watsa mishi ruwa."

"Bappa, ruwan ne ke kashe shi."

Ta kwance murfin boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki. Giris ɗin ya yi fari kamar kindirmo, ga yashin kogi a ciki. In boris ya cije, sandar zai ci, ita kuwa sandar sai Kaduna. Kuma tun ranar sadakar bakwai ta mahaifinta Bappa ke jiran injin ya mutu ya kira masu gwangwan, don a ganinsa ba aikin mace ba ne.

"Tun ba a haife ki ba nake shayar da inji," in ji shi. "Ki ba ni wuri in tada shi."

Ba ta taɓa musa masa ba. Amma ta durƙusa, ta zare bel ɗin injin, ta rataya a wuya.

"Allah ya huci zuciyarka, Bappa. Motar Wara ta tafi in za ta tafi. Injin ga ba ya juyawa sai da sabon boris."

Ta hau acaɓa da bel a wuya, Ishaya yana ta danna oda.

Da la'asar ta dawo da boris da gwangwanin giris. Mota ta tafi wayam. Bappa bai ko dube ta ba. Amma an wanke mazaunin boris ɗin tas da fetur, bokitin kuma a kife yake, Bappa na zaune a kai.