Ƙofar Bushiya

Ni dai duk abin da na haɗa da hannuna, ko iska ba ta samun hanya a jikinsa. Tun ina saurayi nake walda. Tankin ruwa, ƙofar shago, bodin mota, babu wanda ban ɗinke ba, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki an ce yana yoyo ba. Tanki ya taɓa fashewa da ni, na tashi na karkaɗe rigata. Mota ta kife da mu a gada, ana ta salati, ni na fito da ƙafata ina tambayar wa ya ga hulata. Ko ciwon da ya shanye mini ɓarin dama bai samu yadda yake so ba. Ya tafi da ƙarfin hannu, ya bar mini baki da ƙafa.

Bayan ciwon ne Auta, 'yata ta ƙarshe, ta ɗauko ni ta dawo da ni gidanta. Aka ba ni ɗaki da kujera da rediyo, wai in huta. Ni kuwa hutu ba ya karɓata. A bayan kicin akwai ɗan fili da ake zubar da ruwan wanke-wanke, na sa fartanya da hannun hagu na mayar da shi lambu.

Bara agwagin maƙwabciyarmu suka shigo suka yi mini kaca-kaca da shi, ko ganye ɗaya ban kai tukunya ba. Bana kuma mijin Auta ya sayi mota, kuma filin nan ne kaɗai inda za ta iya kwana a cikin gida. Shi yana jin nauyina, ba zai faɗa da bakinsa ba. Auta ya turo.

"Baba, ya ce siminti zai zuba a wurin."

"A kan lambuna?"

"Wane lambu, Baba? Bara me muka ci a ciki ban da ciwon bayanka?"

Na ce ta ba ni wannan damina. In ba ta tsinki abin miya a ciki da hannunta ba, ni da kaina zan kwaɓa musu simintin. Ta ce ta ji, ta kuma ce Allah ya shirya mata ni.

Sai na yi abin da na iya. Na tattaro tsofaffin kwanukan rufi, na tona rami zagaye da filin, na binne gindinsu har gwiwar hannu, na ɗinke su bakin juna. A sana'armu kafa abin kunya ce. Inda ka bar tsaga, nan za a zage ka bayan ka mutu. Tarin busasshen ganye da guntayen katako da ke kusurwa ma na kwashe na ƙone, wurin ya yi fes kamar tsakar ɗaki.

Uwar Agwagi, tsohuwar nan maƙwabciyarmu, ta leƙo ta saman katanga.

"Mai Walda, kurkuku kake ginawa ko lambu?"

"Ki faɗa wa sojojinki su zo su gwada."

"Su da suka ƙoshi bara? Har yanzu suna yi maka addu'a."

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Na shuka kuɓewa da alayyafo, na dasa tumatir da latas. Suka fito kore shar, layi-layi, kai ka ce da igiya aka ja su. Ina zaune a kan bokiti ina kallonsu kamar jikoki.

Wata safiya na tarar latas ya zama rariya. Ganyen duk huji, ga wani yauƙi mai ƙyalli ya bi kunya-kunya. Na ɗaga ganye, sai ga dodon koɗi ya lafe a ƙarƙashi, ya ƙoshi har ba ya iya shigewa gidansa. Na ɗaga wani, ga 'yan'uwansa. Ta ina suka shigo? Ba shigowa suka yi ba, a cikin ƙasar suke, ruwa ne ya tashe su. Ni na kewaye su da shinge, na shuka musu abinci.

Na shiga yaƙi. Kullum da sanyin safiya ina durƙushe ina tsince su cikin gwangwani. Na barbaɗa toka, ruwa ya wanke. Na zuba gishiri, ya kashe su, ya haɗa da layin alayyafo guda. In na cika gwangwani yau, gobe sai in ga kamar biki na kira su. Latas ya tafi gaba ɗaya. Suka juya kan kuɓewa tun tana ganye biyu.

A cikin wannan hali na ji jiniyar tipa a ƙofar gida. An juye yashi. Mijin Auta ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya ce ai arha ya samu, ba wani abu ba ne. Na ce Allah ya sa albarka.

Da yamma Uwar Agwagi ta sake leƙowa, ta ga gwangwanin.

"Oh, kiwo ka koma? Ni kam bana ko ɗaya ban gani a gidana ba. Wata bushiya ce ta tare a ƙarƙashin itacena, tana share mini su tas."

"Wace bushiya?"

"Taka mana. Wadda ka ƙone wa ɗaki."

Na zagaya bayan shingen. A gindin kwanon, ta wajen magudanar ruwa, ƙasa duk a kakkarce take, ga 'yan sawu kamar na jariri, ga kashinta baƙi da ɓawon ƙwari a ciki. Baiwar Allah ta sha zuwa tana nema, ta tarar da aikina. Aikina kuwa ba a wuce shi. Ko a nan ban ji haushin kaina ba, shinge ya yi abin da aka sa shi. Sai dai yanzu ƙofa ake bukata, kuma babu mai taɓa kwanon nan sai wanda ya ɗinke shi.

Na ɗauko almakashin yankan kwano daga akwatina. Hannun dama ya ƙi matsawa, na hagu ya matsa ya ƙi cin ƙarfen. Auta ta fito ta same ni zaune dirshan a laka.

"Baba, don Allah bari in kira maka wani."

"Wani wa? Wanda zai yage mini kwano kamar kare ya samu tsumma?"

Na huda da ƙusa da guduma, na soka bakin almakashin, na danne mariƙi ɗaya da gwiwa, na hau ɗayan da tafin hannu da duk nauyin jikina. Ya ci kamar faɗin farce. Na gyara zama na sake. Gumi ya rufe mini ido, kwanon ya yanke ni a yatsa, na ɗaure da bakin riga na ci gaba. Kafin rana ta faɗi na fitar da ƙofa daidai dunƙulen hannuna, wadda bushiya za ta shige, agwagwa kuwa sai dai ta zura wuya ta yi kallo. Na bi bakin da zarto na goge, na lanƙwashe shi ciki don kada ya yanke ta. Na sake tara ganye da katako a kusurwa, na aje kaskon ruwa.

Ba ta zo washegari ba. Rana ta biyu ma haka. Uwar Agwagi ta ce ai fushi take, sai na je biko. Ni dai ban fasa tsince-tsincena ba, ina kare kuɓewar nan ɗaya-ɗaya, har na yanke gindin robobin ruwa na kifa wa ƙananan.

Sai wata safiya na ga ɓawon koɗi a farfashe a bakin kunya. Gaba kaɗan ga wani. Ruwan kasko ya ragu, kuma a cikinsa wani ƙaton kwaɗo ya baje yana hararata, shi ma ta ƙofar ya shigo ba sallama. Daga nan gwangwanina ya fara dawowa rabi, ya koma 'yan ƙwarori a gindi. Kuɓewa ta miƙe ta kai gwiwa. Tumatir ya yi fure, zuma ta fara zuwa.

Ranar da na ga kuɓewa ta kai tsawon yatsa, ban taɓa ta ba. Na tsaya a ƙofar kicin na ƙwala wa Auta kira, na ce ta zo da kwano.

Ta shiga tana tsinka. Ta haɗa da alayyafon da gishiri ya bari. Kwanon ya cika har tana dannawa da haɓa. Mijinta yana tsaye daga nesa da makullin mota a hannu.

"To, Baban yara, ka gani," in ji ta. "Sai ka yi magana da mai gadin layi, motar ta ci gaba da kwana a wurinsa."

Ya sosa ƙeya ya ce ai dama wurin ya yi wa motar ƙunci.

Ni kuwa ina can ina duba ƙarƙashin ganyen tumatir. Wata koriyar tsutsa ce mai kaurin ɗan yatsa ta fara yi masa aski daga sama, inda bushiya ba ta kaiwa. Na ce wa Auta in ta shiga ta miƙo mini tabarau da gwangwanina.